Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗalibanmu na cikin birni, daga Jakara zuwa Ƙofar Mata: gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci, ko a WAEC ko a NECO. Inda ake yawan tuntuɓe kuwa shi ne labarin da za a ba ku, a ce ku karanta ku amsa tambayoyi.

Ku fara tun yanzu. Kullum bayan La'asar ku zauna a zaure minti 20 da jaridar Daily Trust. In kun sami labarin da za ku karanta a jaridar Aminiya, ku fara da na Hausar, na Turancin zai buɗe muku. In kun ci karo da baƙuwar kalma, ku laluɓo ma'anarta daga jimlar kafin ku buɗe ƙamus, sannan ku rubuta ta a ɗan littafi.

Ranar jarrabawa, ku duba tambayoyin tukuna, ku karanta labarin sau biyu, kuna ja wa muhimman wurare layi da fensir. Ku amsa da kalmominku, domin kwafo jimla sukutum na jawo asarar maki, musamman wajen taƙaitawa.

Allah ya ba da sa'a.