Darasi: 'Ya'yan Kabilu Da Yawa A Aji Ɗaya

Darasinmu na wannan wata ya shafi makarantun da 'ya'yanmu suke zuwa a Jega, da Aliero, da Maiyama. Kafin mu ci gaba, bari kowane gida ya karanta Ayyukan Manzanni 2:1-11. A ranar Fentikos Ruhu Mai Tsarki bai mai da taron nan masu harshe ɗaya ba. Kowa ya ji Bishara da harshen da aka haife shi a ciki.

Jega tun asali garin kasuwa ne, kasuwa kuwa ba ta ci da kabila ɗaya. Shi ya sa a aji guda za a tarar da Bahaushe da Bafillatani da Bazabarme, ga Badakkare daga ƙasar Zuru, ga Bayarabe da ɗan kabilar Ibo waɗanda iyayensu suka zo neman abinci. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, baƙi sun ƙaru. Hukuma ma ta daɗe da sanin amfanin cuɗanya: ta buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato a 1966, ta kuma kafa aikin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa. Amma zama kan benci ɗaya bai isa ya sa yara su san juna ba.

Makarantu da yawa suna keɓe ranar al'adu. Yara su yi ado, a yi kiɗa da rawa, a ci abinci iri-iri. Abu ne mai kyau, muna kuwa goyon bayansa. Sai dai sau da yawa al'adar masu rinjaye takan zauna a kujerar alƙali, ta 'yan tsiraru kuma ta zama abin dariya. Yaron da aka yi wa dariya a fili saboda rawar kakansa zai koma gida da ƙudurin ba zai sāke yin harshensu a bainar jama'a ba. Da haka harsuna suke mutuwa, ba tare da wani ya yi niyyar kashe su ba.

Maganin wannan shi ne bayani. In 'yan Zuru za su nuna bikin Uhola, a bar ɗayansu ya faɗa wa taro cewa bikin godiya ne bayan girbi. In za a yi maganar golmo, a bayyana cewa noma ne da saurayi yake yi wa surukansa shekara da shekaru, domin a ga jimirinsa kafin a ba shi mata. In an zo kan bikin kamun kifi na Argungu, malami ya tuna wa yara cewa ya samo girmansa a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Yaro mai wayo zai gane cewa kakanninmu ma sun yi faɗa, sun kuma san hanyar shiryawa.

Ko wasan barkwanci yana da darasi. Bafillatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, sukan yi wa juna ba'a ba mai fushi, gama dukansu sun yarda da wasan. Ba'ar da mutum ɗaya ne kaɗai yake dariya a cikinta cin mutunci ce, ya kamata malamai su koya wa yara bambancin.

Kada mu ɗora laifin duka a kan waɗansu. Muna jin zafi in an kira ɗanmu arne, hakkinmu ne kuwa mu kai kuka wurin shugaban makaranta cikin ladabi. To, mu fa, me muke kiran maƙwabtanmu Musulmi in mun rufe ƙofa? Abin da yaro ya ji a tsakar gida shi yake kaiwa aji. Majalisar Batikan ta Biyu, a 1965, ta umarce mu mu dubi Musulmi da girmamawa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma, a wasiƙar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995 bayan taron bishof-bishof na Afirka, ya kwatanta Ikilisiya da iyalin Allah, inda ƙabilanci ba shi da wurin zama. Kisan ɗalibar nan a Sakkwato a watan Mayu 2022 ya nuna mana iyakar inda rashin fahimta a makaranta yake iya kaiwa.

Aikinmu na wannan mako ga shi. Iyaye su koya wa kowane yaro gaisuwar safe da harsuna uku na 'yan ajinsa. Katekist kuma ya tambayi yara ranar Lahadi bayan Misa: wane ne a ajinku yake cin abincinsa shi kaɗai lokacin tara, kuma daga wane gari ya fito?