Kwikwiyo Mai Tauna Kayan Gida

Wani mai sauraronmu daga Gangara, jihar Maraɗi, ya ce kwikwiyonsa ya gama da takalma da tabarmar kaba.

To Malam, ƙaiƙayin dasashi ne. Daga wata 3 zuwa 6 haƙoran nono 28 ke zubewa, na girma 42 su fito, dole ya nemi abin gwaguya. Duka ba ya hanawa, tsoronka kawai zai ji. A rataye takalma, a naɗe tabarma. Ba shi ƙaton ƙashin saniya ɗanye ko igiya mai kauri. Da ka gan shi da takalmi, karɓe ka miƙa masa nasa. Banda ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Riƙa zuwa gona da shi, in ya gaji barci zai yi.