Kalma Ɗaya, Ma'ana Goma: Darasi a Kan Wasu Kalmomin Turanci

A wata jarrabawar gwaji mun ba 'yan ajin ƙarshe wannan tambaya ta tarihi: "Account for the fall of the Songhai Empire." Wata ɗaliba mai ƙwazo ta cika shafi uku. Ta faɗi yadda sojojin Maroko suka ƙetaro hamada, da yadda aka gwabza a Tondibi a 1591. Labarinta ya yi daɗi, amma makin da ta samu kaɗan ne. Ita ta san "give an account of", wato ba da labari. Abin da aka nema kuwa shi ne "account for", wato kawo dalilai, kamar rigimar gādon sarauta da ta raunana daular, da bindigogin da maharan suka zo da su. Karatu ta yi shi, 'yar kalmar nan "for" ce ta kayar da ita.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi nazari tare a kan kalmomin Turanci masu ma'ana da yawa.

Mu ma muna da irinsu

Kada mu ɗora wa Turanci laifi shi kaɗai. Mu dubi kalmarmu "ci". Muna cin tuwo, muna cin jarrabawa, muna cin bashi, kasuwa tana ci, wani kuma ya ci amana. Babu Bahaushen da zai ji an ce yaro ya ci jarrabawa ya zaci ya tauna takarda. Kalmomin da ke kewaye da "ci" su ne ke nuna mana inda aka dosa. Haka abin yake a Turanci. Babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, ya kawo wa kalmar "set" ma'ana 430. Da aka sabunta bayanin "run" a 2011, sai aka ƙirga mata ma'ana 645 a matsayin aikatau kawai. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya ya tsaya, bai ma fara ba.

Kalmomi huɗu

1. "Fast". Yawancinmu sauri muka fara sani, kamar a "He runs fast". Amma "We fast during Lent" azumi ne. "She is fast asleep" barci ne mai nauyi, ba barcin gaggawa ba. "Hold fast" shi ne riƙe kam-kam. "My watch is fast" na nufin agogona yana gaba da lokaci. Atamfa mai "fast colour" ita ce wadda launinta ba ya zuba. Tsohuwar ma'anar kalmar ita ce abin da ya kafu daram, shi ya sa riƙo da barci da rini suka haɗu a cikinta.

2. "Run". Ɗan wasa yana gudu, wannan kowa ya sani. Amma "She runs a shop" tafiyar da kanti ne, "The tap is running" famfo ne ke zuba, "He is running for chairman" tsayawa takara ne. Idan an ƙara mata ƙaramar kalma sai ta sake fuska: "run out of money" kuɗi ne suka ƙare, "run into a friend" kiciɓis ne da aboki, "run over a goat" kuwa take akuya ne da mota.

3. "Mean". A "What do you mean?" ana tambayar me kake nufi. "A mean man" marowaci ne ko mai mugun hali. A darasin lissafi kuwa matsakaici ne: "mean" na 4 da 6 da 8 shi ne 6.

4. "Present". Idan an kira suna a aji muka amsa da ita, muna cewa muna nan. "A birthday present" kyauta ce. "At present" yanzu ke nan. A duk waɗannan, gaɓar farko ake ƙarfafawa. Idan aka ƙarfafa gaɓa ta biyu, ta zama aikatau mai nufin gabatarwa ko miƙawa. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, tun da mu ma da kunne muke bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo.

Daga aji zuwa aji

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kalma takan sauya ma'ana da an kaɗa ƙararrawa wani malami ya shigo. "Cell" a darasin halittu ƙwayar halitta ce, a darasin lantarki batir ne, a ofishin 'yan sanda kuma ɗakin tsare mutane. "Root" saiwa ce a gona, amma "square root" na 49 shi ne 7. "State" jiha ce a taswira, amma a farkon tambayar jarrabawa umarni ne: faɗi a taƙaice.

Masu yi mana tafinta a coci su ma su lura, domin shekaru na sauya kalma. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611, "charity" ƙauna take nufi, "suffer" kuma a wasu wurare ƙyalewa ce. Tafintan da ya ce sadaka ko shan wuya a irin waɗannan wurare ya kai jama'a inda mai wa'azi bai aike shi ba.

Abin da za mu riƙa yi

Na ɗaya, mu karanta jimla har ƙarshenta kafin mu yanke wa kalma hukunci. Na biyu, mu tambayi kanmu aikin da take yi a wurin: suna ce, aikatau ce, ko sifa? Na uku, mu dubi ƙaramar kalmar da ke biye da ita, irin su "for", "out", "into" da "over". Na huɗu, idan mun buɗe ƙamus kada mu tsaya a ma'ana ta farko. Mu bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, mu karanta misalan, mu zaɓi wadda ta zauna daidai a jimlarmu. Idan har yanzu da shakka, malami na nan, matambayi ba ya ɓata.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya ɗauki waɗannan kalmomi: "left", "fine", "bear", "right" da "miss". Ya yi jimla uku da kowacce, ma'anar kowace jimla daban, sa'an nan ya fassara su da Hausa. Iyaye da 'yan'uwa a gida suna iya sa hannu. Za mu karɓi aikin a makon farko na sabon zango. 'Yan ajin ƙarshe kuwa, ranar jarrabawa ku karanta kowace tambaya sau biyu kafin ku ɗora biro a takarda. Allah ya ba ku nasara.