Kumburin Ciki da Aikin Maganin Iska

Jama'a, ku sani iskar da ke kumbura ciki galibi ta hanya biyu take samuwa. Akwai wadda mutum ke haɗiyewa idan yana cin abinci da gaggawa, ko shan lemon kwalba, ko taunar cingam. Akwai kuma wadda ke tasowa can cikin babban hanji. Wake, alal misali, yana ɗauke da wani irin sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin bakteriyar babban hanji su ruɓar da shi, iska ta tashi. Mai yawan cin ƙosai da alale ya san zancen.

Abin da ke wahalar da mutum shi ne iskar takan rarrabu ta zama ƙananan kumfa, ta cakuɗe da abinci, ta ƙi fita ta gyatsa, ta ƙi sauka ƙasa. To, a nan maganin da ake kira simetikon ke aiki. An haɗa shi ne da wani mai na silikon da garin silika, an kuma amince da shi a Amurka tun 1952. Idan ya taɓa kumfar sai ya raunana fatarta, ƙananan su fashe su haɗu su zama manya, kamar yadda uwargida kan ɗiga mai a tukunyar wake kumfa ta kwanta. Iskar da ta taru wuri ɗaya kuwa ba ta da wuyar fita. Maganin ba ya shiga jini. Yadda aka sha shi, haka yake fita tare da bayan gida.

Amma a lura, ba ya hana sabuwar iska samuwa. Wanda bai daina lodar abinci a gurguje ba, gobe ma cikinsa zai kumbura. Babba kan sha miligiram 40 zuwa 125 bayan cin abinci da lokacin kwanciya, kada ya wuce 500 a yini. Mai shan maganin maƙoƙo na lebotairoksin ya fara tambayar likita. Kanwa kuwa, da wasu ke jiƙawa su sha don kumburin ciki, idan ta gamu da ruwan tsamin ciki ita kanta iska take haifarwa.

Idan kumburi ya zo da amai, ko jini a bayan gida, ko rama, ko ciki ya ɗaure ba kashi ba iska, kada a tsaya kemis. A nufi asibiti, domin toshewar hanji da ciwon hanta ma suna kumbura ciki.