Darasi: Maganin Ciwon Hanta da Karayar Zuciya

'Yan'uwa manoma, ciwon hanta ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar iri na B, wajen mutum 1 cikin 100 kuma iri na C. Darasinmu na yau yana kan abin da kan sami zuciyar mutum sa'ad da ya ke kan magani.

Akwai wata allura mai suna intaferon, wadda a kan yi sau ɗaya a mako, har mako 24 ko 48. Tana yaƙi da cutar, amma tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma. Likitoci sun ga wajen mutum ɗaya cikin huɗu na masu iri na C da aka yi wa allurar ya kan kamu da ciwon baƙin ciki mai tsanani, yawanci cikin wata uku na fari. Mutum ya kan daina barci, ya ƙi tuwo, ya yi ta fushi ba dalili, gonar da ya ke so ta fita masa a rai. Wani ma ya kan yi tunanin kashe kansa.

Su wane ne suka fi shiga hatsari? Na farko, wanda ya taɓa yin irin wannan baƙin ciki a dā, ko da ya warke. Haka kuma wanda zuciyarsa ta riga ta yi nauyi kafin allura ta fari, da wanda barci ke yi wa wuya. An ga abin ya fi kama mata. Mai shan burkutu yana ƙara wa hantarsa da zuciyarsa kaya. Amma a ganina wanda ya fi ban tausayi shi ne wanda aka bari shi kaɗai. A wasu gidaje da zarar an ji sunan cutar sai a ware wa mutum ƙwaryarsa da tabarmarsa. Wannan kuskure ne, gama iri na B da na C ba a ɗaukarsu ta cin abinci tare ko gaisuwa. Ta jini su kan bi, kamar askar wanzami da allurar da ba a dafa ba, ko daga uwa zuwa jariri, ko ta kwanciyar namiji da mace.

Tun daga 2013, da aka fara ba da ƙwayar sofosbubir a Amurka, an sami sauƙi. Yanzu iri na C ya kan warke da ƙwayoyi cikin mako 12, ba allura. Iri na B kuwa tenofobir a kan sha kullum, shekara da shekaru. Kada mai shansa ya bari da kansa don ya gaji, gama ciwon na iya tasowa da ƙarfi. Har yanzu a kan yi wa wasu masu iri na B intaferon, saboda haka ku tambayi likita sunan maganin, ku kuma faɗa masa gaskiya in an taɓa yin baƙin ciki.

Kada wani ya ce wa mai wannan ciwo bangaskiyarsa ce ta kasa. Ku karanta labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, ku lura da abin da aka fara ba shi.

Ƙungiya ta naɗa mutum biyu su riƙa leƙa mai shan magani kowane mako, a yi masa gayya in damina ce, zumuntar mata kuma ta kula da 'yan'uwa mata. In ya fara maganar mutuwa, a ɗauke maganin feshi daga gidan, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Tambaya don tattaunawa: in ɗan ƙungiyarmu ya kasa biyan bashin taki saboda jinya, me dokarmu ta tanada masa?