A Rage Ƙiba, Kada A Rage Ƙarfi

Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, gari ne na masu tafiya a ƙasa. Magidancin Ƙofar Ran na wancan zamani da ƙafa yake fita gona a bayan ganuwa, da ƙafa yake dawowa, da kaya a ka. Uwargida kuwa kafin tuwo ya kai akushi ta yi surfe, ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta ja ruwa a rijiya. Yau mai zuwa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a bakin titi yake tsayawa ya tare keke, niƙa ya koma wajen mai inji, ruwa mai kura ne ke kawo shi har ƙofar gida. Babu mai hankalin da zai ce a koma wahalar da. Sai dai aikin jiki ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba, an ma ƙara mata lemon kwalba da shayi mai kauri. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. Bayan ƙiba kuwa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa suna tafe.

Ranar da likita ya ce wa mutum, “Alhaji, sai ka rage jiki,” yawanci ɗaya daga cikin abu uku yake yi. Ko ya ƙaurace wa abinci har jiri ya kama shi, ko ya sayi shayin rage tumbi, ko ya sayi takalmin gudu ya nufi filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ya yi ta zagaye har numfashi ya gagare shi, washegari ya kasa sauka daga gado, shi ke nan an gama. Na ukun nan ya fi ban tausayi, domin niyyarsa mai kyau ce, lissafinsa ne ya karkace. Ya ɗauka gudu ne zai narkar da kitsen. Ga yadda lissafin yake: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Tafiya da sauri ta minti 30 ba ta cin abin da ya wuce kalori 150 ko kusa da haka ga mai matsakaicin jiki, wato daidai da kwalbar lemo guda. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tandar mai masa ya ga sau nawa cokalin ke zagaya gurbi-gurbi. Saboda haka a faɗi gaskiya tun da farko: saukar nauyi a kwano take farawa. Wanda ya yi tafiyar safe ya dawo ya saka wa kansa da masa goma da lemo mai sanyi, sikeli ba zai motsa ba.

To, in haka ne, mene ne amfanin wahalar da kai? Amfaninsa shi ne jikin da ake hana wa abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake haɗawa. Masana sun kiyasta cewa idan da rage abinci kawai aka rame, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zube ba kitse ba ne. Wannan kamar mai son rage wa soro nauyi ne ya shiga zare azara. Tsoka ce ke ɗaga mutum daga tabarma, ita ke riƙe gwiwa, ita ce kuma babbar ma'ajiyar da ke zuƙe suga daga jini bayan an ci abinci. Wanda ya rame da yunwa zalla yakan fito da fata a sake da kasala, in ya koma cin abincinsa kitsen ya dawo, tsokar ba ta dawo da sauƙi ba. Motsa jiki shi ne ke sanar da jiki cewa ana bukatar tsokar nan, a bar ta. Shi ne kuma ke taimakawa kada abin da ya tafi ya komo. A Amurka akwai rajistar da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye; mafi yawansu suna motsa jiki kusan kullum, kuma tafiya a ƙasa ce ta fi yawa a cikin abin da suke yi.

Akwai kuma ribar da ba ta bayyana a sikeli ko kaɗan. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba lafiyar ma'aikatan sufuri na birnin Landan kimanin 31,000. Direbobin manyan motoci masu bene suna wuni a zaune, kwandastoci suna wuni hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A 2002 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya ta minti 150 a mako. Wani rukunin aka ba su ƙwayar metformin. Ƙwayar ta rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31 cikin 100, gyaran ci da tafiya suka rage shi da kashi 58. A lura da ƙanƙantar abin da aka nema. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗan ɗori ba. Ba a ce ya koma kamar ɗan tsere ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan ita ce matsayar da ake son kaiwa, ba mafari ba ce, kuma ita hukumar ta ce kaɗan ya fi babu. Mai farawa ya ɗauki minti 10 bayan sallar Asuba, ya zagaya tsakar gida ko ya bi layin unguwa, da saurin da zai iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan dogon karatu ba tare da haki ba. In gidan ƙarami ne, ya tsaya wuri ɗaya yana ɗaga gwiwa kamar mai fareti. Kowane mako a ƙara minti 5 har a kai rabin awa, kuma babu laifi a raba ta gida uku, musamman bayan cin abinci, lokacin da tafiya ke sauke sugan jini.

Aikin tsoka shi ne aka fi yi wa rowa, alhali kayansa suna cikin kowane gida. A jingina kujera mai ƙarfi da bango, a tsaya gabanta ƙafafu a ɗan ware, a tura ƙugu baya a sauka a hankali har a taɓa mazauni, sannan a miƙe ba tare da dafa cinya ba. Wanda cinyarsa ta fara rawa a karo na shida, nan ne iyakarsa ta yau, kada ya ji kunya; bayan mako uku zai ga ya kai goma sha biyu. Sai a fuskanci bango, taku ɗaya tsakani, a dafa shi da tafuka daidai kafaɗa, a lanƙwasa hannu har goshi ya kusa taɓa shi, a tura a dawo. Sai a kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga ƙugu sama a riƙe na ɗan lokaci. Sai a hau dakali ko matakala ta farko a sauko, ana canza ƙafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita huɗu ya isa a ɗaga a ƙarfafa damtse da baya. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita, a kuma bar kwana ɗaya tsakani domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Kada a riƙe numfashi yayin yunƙuri, domin yana sa jini ya hau.

Wata za ta ce, “Ni da nake wuni a tsaye, shara, wanki, girki, wane motsa jiki kuma?” Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, kuma mai daka da jan guga har yanzu ta riga ta biya kaso mai yawa. Amma gajiya daban, motsin da ke ƙara wa zuciya ƙarfi daban. Wanke-wanke a kan kujera 'yar tsugunno da tsayuwa gaban murhu suna gajiyar da baya, ba sa sa numfashi ya ƙaru na minti goma a jere. Ma'aunin ke nan, kowa ta gwada aikinta da shi. Wani kuma girma ne ke hana shi: yaya mai iyali, mai furfura, za a gan shi yana tsalle-tsalle kamar yaro? To ai shi ya sa aka ce a gida. Abin da aka lissafa a sama babu tsalle a ciki, ana yin sa a ɗaki a rufe, cikin suturar da aka saba, kuma ya dace da matar da ba ta fita. Abin da ya rage shi ne maigida da uwar miji su daina yi mata dariya, su kuma daina tambayar “Lafiya kike ramewa?” Al'adarmu ta daɗe tana kallon tumbi a matsayin shaidar wadata, ramar amarya kuwa abin kunyar miji, har wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin sa ƙiba masu lahani. Wannan ra'ayi an gaje shi ne daga zamanin da yunwa ce abin tsoro, ba suga ba.

Gumi ma yana ruɗin mutane. Mai ɗaura leda a ciki ya sa rigar sanyi a watan Afrilu yana zubar da ruwa ne, ba kitse ba, kuma da ya sha ruwa nauyin ya dawo. A zafin Bauchi wannan ganganci ne. Yawancin shayin rage tumbi haka yake aiki, ta hanyar zawo da yawan fitsari. Haka nan babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙone, jiki ne ke ɗiba daga inda ya ga dama. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin rage nauyi da ya dace. Kuma tun da tsoka na iya ƙaruwa yayin da kitse ke raguwa, tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya: a auna ciki daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata, a nemi ya zama bai kai rabin tsayin mutum ba.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan, su fara ganin ma'aikacin lafiya kafin su soma, ko a asibitin unguwa ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Mai shan maganin suga ya tambaya musamman game da lokacin motsi, domin suga na iya faɗuwa ƙasa, ya riƙa ajiye dabino kusa, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan tafiya. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba ciwo ba ne, yana wucewa. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an zauna, ko suka mai tsanani a gwiwa, duk alamu ne na a tsaya a nemi likita a ranar. Da hunturu, in ƙura ta yi yawa, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi kuwa a mayar da shi bayan buɗa-baki da kamar awa ɗaya ko biyu, a rage yawansa, a sha ruwa sosai kafin sahur.