Matar da Ake Duka a Gidan Aure: Mene Ne Hakkin Ikilisiya?

Nassin karatu: Malakai 2:13-16, Matiyu 19:3-9, Afisawa 5:25-29

Gabatarwa

A ƙauyukan gundumar Zungur da unguwannin birnin Bauchi, idan mace ta kai kukan mijinta gaban iyaye ko dattawan ikilisiya, amsar da ta fi samu ita ce, "Ki yi haƙuri, zaman aure ke nan." Haƙuri hali ne nagari, yana cikin 'ya'yan Ruhu. Amma jure wa gajiyawar miji daban, zama ƙarƙashin sandarsa daban. Manufar wannan darasi ita ce masu bi su gane cewa kiyaye ran mace yana cikin kiyaye tsarkin aure.

Darasi daga ƙasar Filifin

Filifin ƙasa ce ta tsibirai a kudu maso gabashin Asiya, yawancin mutanenta 'yan Katolika ne. In ban da Batikan, ita kaɗai ce a duniya da ba ta da dokar kashe aure ga yawancin jama'arta. Musulmin ƙasar ne kawai suke da wannan dama, bisa wata doka ta 1977. Matar da mijinta yake azabtarwa tana iya neman kotu ta raba musu zama, amma igiyar tana nan, ba za ta sake aure ba. Ko kuwa ta nemi a soke auren tun daga tushe, shari'ar da takan ci shekaru da kuɗin da talaka ba shi da su. A watan Mayu na 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin halatta kashe aure, amma majalisar dattawa ba ta zartar da shi ba. Abin lura shi ne, rufe ƙofar fita bai hana duka ba. Doka tana iya riƙe takardar aure, amma ba ta iya sāke zuciyar mutum.

Abin da ya faru a Abuja

Ranar 8 ga Afrilu, 2022, mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja tana da shekara 42. Bayan rasuwarta ne labarin dukan da ta daɗe tana sha ya fito fili. 'Ya'yanta biyu suna cikin waɗanda suka ba da shaida a kotu, kuma a watan Afrilu na 2025 babbar kotun birnin tarayya ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Dubban mutane sun san muryarta, ba a kuwa cece ta ba. Shiru bai tsare wannan aure ba: uwa ta tafi, uba yana kurkuku, yara sun rasa duka biyu.

Abin da Nassi ya koyar

Mutane da yawa sun haddace cewa Allah yana ƙin kisan aure, amma kaɗan ne suke duba wanda annabi Malakai yake tsawata wa. Maza ne da suka ci amanar matan ƙuruciyarsu, har Ubangiji ya ƙi karɓar hadayarsu. Ayar da aka rubuta don kāre mace bai kamata ta zama sarƙar ɗaure ta ba. Yesu ma ya nuna cewa taurin zuciya ne tushen saki. Manzo Bulus ya umarci miji ya kula da matarsa kamar jikinsa, Bitrus kuma ya yi gargaɗi cewa wulaƙanta mace yana tare addu'ar miji (1 Bitrus 3:7). Ashe wanda ya ɗaga hannu shi ya fara karya alkawarin da aka ɗauka gaban bagade.

Gudun ceton rai ba rashin bangaskiya ba ne. Da Saul ya jefi Dawuda da māshi, Dawuda ya tsere, Allah kuwa bai lasafta masa laifi ba (1 Sama'ila 19). Ikilisiyoyi sun bambanta a kan saki da sake aure, amma babu wadda take koyar da cewa a zuba ido har a yi jana'iza.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Najeriya ba kamar Filifin take ba. Auren da aka yi wa rajista yana ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1970, babbar kotu ce kuma take da ikon warware shi idan ya lalace yadda ba ya gyaruwa. Dokar ta ba da damar raba zama ba tare da kashe auren ba. A 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, jihar Bauchi ma ta kafa tata a 2020. A ƙarƙashinta dukan abokin aure laifi ne, kotu kuma tana iya ba da umarnin kāriya ga wadda ake zalunta.

Aikin ikilisiya

Na farko, a saurari matar a asirce, kada a mai da ita hannun wanda ta gudo daga gare shi a ranar. Na biyu, zumuntar mata ta tanadi gidan da za ta fake da yaranta, a kai ta asibiti idan akwai rauni. Na uku, dattawa su kira mijin bisa tsarin Matiyu 18:15-17, a sa shi ƙarƙashin horo ko da shi ne ma'ajin ikilisiya. Na huɗu, kada a hana ta zuwa wurin hukuma da sunan rufin asiri. Sulhu yana zuwa ne bayan tuba da aka gani a aikace, ba hawayen yini ɗaya ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa Malakai yake tsawata wa, kuma don me?
2. Idan mace ta buga ƙofar fasto da tsakar dare, ina za ta kwana?
3. Me ya sa horo yakan faɗa kan matar da ta fita, ya tsallake mijin da ya kore ta da duka?

Abin addu'a: Ubangiji ya ba shugabannin ikilisiya hikima da ƙarfin hali, ya warkar da gidajen da ake kuka a ɓoye. Amin.